A Bar Wa Yaƙin Sunan Stalingrad, A Bar Wa Birnin Sunan Volgograd

A ƙarshen watan Afrilun 2025 shugaban Rasha Vladimir Putin ya sa hannu a kan dokar da ta sauya sunan filin jirgin saman birnin Volgograd zuwa Stalingrad, sunan da birnin yake amsawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Filin yana Gumrak ne, a bayan gari, kuma yana ɗaya daga cikin filayen da jiragen Jamus suka riƙa sauka a hunturun 1942 zuwa 1943 suna kawo ɗan abin da ya samu na burodi da harsasai ga rundunarsu da aka yi wa ƙawanya. Wannan sauyi bai zo haka kwatsam ba. Tun a 2004 aka goge sunan Volgograd aka rubuta Stalingrad a jikin dutsen tunawa da birnin da ke kusa da kabarin sojan da ba a san sunansa ba, a gindin katangar Kremlin a Mosko. A 2013 majalisar birnin ta amince a riƙa kiransa Stalingrad a wasu 'yan ranaku na tunawa da yaƙi, irin su 2 ga Fabrairu da 9 ga Mayu, har akan sauya allunan bakin gari a waɗannan ranaku. A farkon Fabrairun 2023 kuma aka buɗe mutum-mutumin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet a lokacin yaƙin, a kusa da gidan tarihin yaƙin. Abin da ya rage wa masu wannan fafutika shi ne birnin kansa, kuma ba su ɓoye cewa can suka dosa ba.

Ni a ganina bai kamata a mayar wa birnin wannan suna ba, kuma dalilina yana cikin tarihin yaƙin kansa. Ba na cikin masu raina abin da ya faru a bakin kogin Volga. Ina ganin babu wani fagen fama a ƙarni na ashirin da ya kai shi nauyi, kuma duk wani ɗan Adam da ba ya son ganin duniyar da Hitila ya so ya gina, duniyar da aka jera mutane bisa launin fata da jini, to akwai bashin da mutanen da suka tsaya a wannan birni suke bin sa. Saboda girman wannan bashi ne nake ganin zalunci ne a biya shi ga wanda bai cancanta ba.

Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce yadda aka yi sojojin Jamus suka iso Volga tun farko, domin tsakanin iyakar da suka ƙetare a ranar 22 ga Yunin 1941 da wannan kogi akwai tafiya ta kilomita sama da dubu ɗaya da ɗari biyar. Amsar ba ta yi wa Stalin daɗi. A 1937 da 1938 ya bi manyan hafsoshin rundunarsa da kisa da ɗauri, har uku daga cikin mashal biyar da ƙasar take da su suka halaka, cikinsu har da Mikhail Tukhachevsky, wanda yana cikin waɗanda suka fi kowa zurfafa tunani a kan yadda ake fasa layin abokan gaba da tankoki a kutsa can bayansu. A ranar 23 ga Agustan 1939 ya ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Hitila, suka raba Poland tsakaninsu, ya ci gaba da aika wa Jamus hatsi da man fetur har zuwa jajibirin harin. Da rahotannin leƙen asiri suka yi ta zuwa a 1941 cewa hari na tafe, sai ya ɗauke su a matsayin makirci. A watan Satumban wannan shekara ya ƙi yarda a janye daga Kiyef duk da shawarar da Georgy Zhukov ya ba shi tun a watan Yuli, shawarar da ta jawo aka cire Zhukov daga muƙamin babban hafsan hafsoshi, aka wayi gari Jamusawa sun ce sun kama sojoji sama da 600,000 a wuri guda. Da bazarar 1942 ta zo, ya haƙiƙance cewa Mosko Jamusawa za su sake nufa, ya jibge mafi yawan dakarun ajiya a can, sannan ya amince da wani farmaki a Kharkov a watan Mayu wanda ya ƙare da asarar sojoji sama da 200,000. Runduna ta 6 ta Janar Friedrich Paulus tana cikin waɗanda suka yi wannan kamu a Kharkov, kuma ita ce bayan wata uku ta tsaya a bakin Volga.

Shi Hitila ba birnin ya fito nema ba da farko. Man fetur ya fito nema. Farmakin da ya fara a ranar 28 ga Yunin 1942 ya nufi rijiyoyin Maikop da Grozny da Baku ne a yankin Kokasus, kuma aikin da aka ba Paulus shi ne ya tsare gefen masu wannan tafiya, ya toshe zirga-zirgar jiragen ruwa a Volga, ya lalata masana'antun makamai na birnin. Sai a ƙarshen watan Yuli Hitila ya yanke cewa za a kama Kokasus da Stalingrad a lokaci guda, ya raba ƙarfin da tun asali bai isa aiki ɗaya ba zuwa gida biyu.

A ranar 23 ga Agustan 1942, shekara uku cif da sa hannu a kan waccan yarjejeniya, jiragen yaƙin Jamus ƙarƙashin Wolfram von Richthofen suka yi wa birnin ruwan bama-bamai. Unguwannin da aka gina da katako suka kama da wuta, tankunan ajiyar mai na bakin kogi suka fashe, man ya malala cikin ruwa yana ci, har ya zama kogin kansa yana cin wuta. Dubban fararen hula ne suka mutu a waɗannan kwanaki, kuma da yawa daga cikinsu da sun tsira in da an kwashe su zuwa ƙetaren kogi tun da wuri. Ba a yi hakan ba. An ba da fifiko ga kwashe hatsi da dabbobi da injuna, aka bar mata da yara da tsofaffi suna haƙa ramuka. A yammacin wannan rana tankokin Jamus suka isa Volga a arewacin birnin, kuma cikin waɗanda suka fara tarar su akwai 'yan mata masu sarrafa bindigogin kakkaɓo jiragen sama, waɗanda suka sauke bakin bindigoginsu ƙasa suka riƙa harbin tankoki har aka murƙushe su.

Abin da ya biyo baya daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba shi ne zuciyar lamarin, kuma a nan ne nake so mai karatu ya dakata ya duba da kyau. Birnin siriri ne, ya miƙe tsawon kilomita kusan 40 a gaɓar yamma ta kogin, kogin kuma fāɗinsa ya haura kilomita guda. Duk wani soja da harsashi da buhun burodi da zai shiga, da duk wani mai rauni da zai fita, sai ya ƙetare wannan ruwa a cikin kwale-kwale ko ƙaramin jirgin ruwa, galibi da dare, igwa da jiragen sama suna auna shi. A ranar 12 ga Satumba aka damƙa wa Vasily Chuikov Runduna ta 62, wadda ta riga ta ragargaje. Bayan kwana biyu, Jamusawa na dab da kama mashigar jiragen ruwa ta tsakiyar gari, dakarun Alexander Rodimtsev suka ƙetaro, suna sauka daga kwale-kwale suna faɗawa cikin faɗa kai tsaye, kuma cikin 'yan kwanaki mafi yawansu sun mutu ko sun jikkata, amma an riƙe gaɓar. Chuikov ya lura cewa ƙarfin Jamusawa yana ga yadda jiragensu da igwarsu suke share hanya kafin tankoki da sojan ƙasa su shigo, sai ya umarci mutanensa su manne wa abokan gaba har ya zama tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce jifan gurneti ba, yadda matuƙin jirgi ba zai iya sakin bom ba tare da ya kashe nasa ba. Daga nan yaƙin ya koma na ɗaki-ɗaki da bene-bene da magudanun ruwa na ƙarƙashin ƙasa, ƙananan rukunoni na mutum shida ko takwas ɗauke da gurneti da wuƙa da shebur mai kaifi. Jamusawa da kansu suka sa masa suna yaƙin ɓeraye. A babban rumbun hatsi na kudancin birnin, wasu 'yan sojoji da ba su wuce hamsin ba sun riƙe ginin kwanaki, hatsin yana ci da wuta, hayaƙi ya cika ko'ina, ruwan sha ya ƙare musu. Tudun Mamayev, wanda daga kansa ake hango kogin gaba ɗaya, ya yi ta sauya hannu har ƙasarsa ta cakuɗe da ɓarɓashin ƙarfe.

Akwai wani gida mai hawa huɗu da ke fuskantar wani dandali a tsakiyar gari, wanda Saje Yakov Pavlov da 'yan mutane kaɗan suka kama a ƙarshen Satumba, daga baya aka ƙaro musu wasu ƙarƙashin Laftanar Ivan Afanasyev. Suka kewaye shi da waya mai ƙaya da nakiyoyi, suka huda bango tsakanin ɗakuna don su riƙa zirga-zirga ba tare da sun fito fili ba, suka haƙa rami da ya haɗa su da injin niƙa na bakin kogi inda ake kawo musu abinci da albarusai, suka ɗora bindigar fasa tanki a sama inda tankin da ya matso ba zai iya ɗaga bakinsa ya same su ba. A ƙarƙashin ginin akwai fararen hula da suka fake, har da mata da yara. Kusan wata biyu suka yi a haka. Mutanen da suka riƙe wannan gida ba ƙabila ɗaya ba ne, akwai Rashawa da 'yan Yukren da ɗan Jojiya da ɗan Uzbek da ɗan Kazak da Tatar. Ba wanda ya aiko musu da tsarin huda bango daga Mosko. Su suka gano shi da kansu, da jinin waɗanda suka riga su kuskure, kuma haka aka yi a masana'antar tarakta da ta Barrikady da ta Jan Oktoba, inda farmaki mafi muni ya sauka a tsakiyar watan Oktoba.

Masu kare Stalin suna da amsa a nan, kuma amsa ce da ya wajaba a saurara. Sukan ce abin da ya tsayar da gudun sojojin shi ne doka mai lamba 227 da ya fitar a ranar 28 ga Yulin 1942, wadda ta haramta ja da baya ko da taku ɗaya, ta kafa bataliyoyin horo inda ake tura masu laifi wuraren da suka fi haɗari, ta kuma ajiye dakaru a bayan layi don tare masu gudu. Gaskiya ne an yi wannan, an kuma harbe mutane a ƙarƙashinta. Sai dai tsoro ba sabon abu ba ne a rundunar Sobiyet. A watan Agustan 1941 an riga an fitar da doka mai lamba 270 da ta mai da miƙa wuya cin amanar ƙasa, ta kuma ɗora hukunci a kan iyalan wanda aka kama, amma duk da haka miliyoyi suka faɗa hannun Jamus a wannan shekara. In da tsoron gwamnati ne kaɗai ke riƙe soja, da bai bari an kai Volga ba. Abin da ya sauya a 1942 shi ne sojan ya riga ya ga abin da mamayar take nufi. Ya ji labarin ƙauyukan da aka ƙona, ya san yadda ake barin fursunoni a fili cikin waya su mutu da yunwa, kuma lissafin da aka yi bayan yaƙi ya tabbatar da abin da ya ji, domin daga cikin sojojin Sobiyet kimanin miliyan 5.7 da Jamus ta kama, sama da miliyan 3 sun mutu a hannunta. Tsoro yana iya hana mutum gudu, amma ba shi ke sa ma'aikaciyar jinya ta ja mai rauni a kan bargo zuwa bakin kogi ta sake komawa ta ɗauko wani ba.

Adalci ya sa in faɗi abin da Stalin ya yi daidai. Gwamnatinsa ta kwashe masana'antu sama da 1,500 zuwa tsaunukan Ural da gabashinsu a 1941, kuma daga can ne tankokin da suka rufe ƙawanyar suka fito. A ƙarshen Agustan 1942 ya naɗa Zhukov mataimakinsa. Da Zhukov da Alexander Vasilevsky suka kawo shawarar a bar Chuikov ya riƙe birnin da ɗan abin da zai hana shi faɗuwa, a tara babban ƙarfi a ɓoye a gefe biyu inda sojojin Romaniya suke tsaron Jamusawa, ya amince, ya kuma yi haƙurin jira na wata biyu, abin da bai saba yi ba. A watan Oktoba ya soke tsarin da ya ba jami'an jam'iyya ikon sa baki daidai da kwamandoji a fagen fama. Amma a duba waɗannan abubuwa da kyau. Ban da kwashe masana'antu, kowannensu sassauci ne na riƙon da shi da kansa ya yi wa rundunar. Alherin da ya yi wa sojojinsa a kakar 1942 shi ne ya ɗan ja gefe ya bar masu sanin aikin su yi aikinsu, daidai lokacin da Hitila yake yin akasin haka, domin a watan Satumba ya kori Wilhelm List ya karɓi jagorancin dakarun Kokasus da kansa, ya kuma sallami babban hafsansa Franz Halder da ke yi masa gargaɗi a kan raunin gefen rundunar. Idan akwai shaidar da wannan yaƙi ya bayar a kan mulkin mutum ɗaya, to shaida ce a kansa, daga ɓangarorin biyu.

A safiyar 19 ga Nuwamba, cikin hazo da dusar ƙanƙara, dakarun Nikolai Vatutin da na Konstantin Rokossovsky suka afka wa Romaniyawa daga arewa, washegari na Andrei Yeremenko suka taso daga kudu, a ranar 23 ga wata suka haɗu a kusa da Kalach, suka rufe mutum sama da 250,000 a ciki. Wannan shi ne irin salon kutsawa da Tukhachevsky ya koyar kafin a harbe shi. Shi kuwa Rokossovsky, wanda aka damƙa wa aikin murƙushe rundunar da aka kewaye, an kama shi a 1937, an azabtar da shi a kurkuku a Leningrad har aka zubar masa da haƙora aka karya masa haƙarƙari, ba a sake shi ba sai a watan Maris na 1940. Da a ce ya sa hannu a kan takardar amsa laifin da aka ƙaga masa, da wataƙila babu shi a duniya a ranar da aka buƙace shi.

Labarin ƙarshen Runduna ta 6 sananne ne. Hitila ya hana ta fasa ƙawanyar ta fita tun tana da sauran ƙarfi, shugaban sojan sama Hermann Göring ya yi alƙawarin ciyar da ita ta sama, amma abin da ke isa a rana bai wuce kimanin tan 100 ba, alhali mafi ƙarancin abin da take buƙata ya ninka haka sau da yawa. Erich von Manstein ya taso don ceto a ranar 12 ga Disamba, aka tsayar da shi saura kimanin kilomita 50. Sojojin suka cinye dawakansu, kwarkwata da zazzaɓi da sanyi suka gama da sauran. A ƙarshen Janairun 1943 Hitila ya ɗaga Paulus zuwa muƙamin fil mashal, da nufin ya kashe kansa tun da ba a taɓa kama mai wannan muƙami na Jamus da rai ba, amma a ranar 31 ga wata aka fito da shi daga ƙarƙashin wani babban kanti a tsakiyar gari, ragowar da ke arewa kuma suka miƙa wuya a ranar 2 ga Fabrairu. Kimanin 91,000 aka kama, waɗanda suka sake ganin Jamus ba su wuce 6,000 ba, na ƙarshensu sai a tsakiyar shekarun 1950. Wahalarsu gaskiya ce, amma kada tausayinta ya mantar da mu cewa wannan runduna ce, a ƙarƙashin kwamandanta na baya Walther von Reichenau, ta ba da haɗin kai ga kisan Yahudawa sama da 33,000 cikin kwana biyu a Babi Yar a Satumban 1941. Masu cewa sanyi ne ya ci Jamusawa suna manta cewa an rufe ƙawanyar ne kafin tsananin hunturu, kuma sanyin bai tambayi kowa ƙasarsa ba. A ɓangaren Sobiyet, lissafin hukuma ya nuna asarar sama da mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari, kusan 480,000 daga ciki matattu ne ko waɗanda suka ɓace.

To yaya Stalin ya saka wa waɗanda suka yi wannan aiki? Akwai wani matashi ɗan Checheniya mai suna Khanpasha Nuradilov, gwanin bindiga mai sarrafa kanta, wanda ya mutu a Satumban 1942 a fagen wannan yaƙi kusa da kogin Don, aka kuma ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet a 1943 bayan mutuwarsa. A ranar 23 ga Fabrairun 1944, ranar da ake bikin rundunar ƙasar, aka fara loda ɗaukacin al'ummarsa da maƙwabtansu Ingush, mutum kusan rabin miliyan, a taragun dabbobi zuwa Kazakistan da Kirgistan bisa zargin haɗa kai da abokan gaba, dubun-dubatarsu suka mutu a hanya da shekarun farko na gudun hijira. 'Yan ƙabilar Kalmik, waɗanda ƙasarsu take dab da kudancin Stalingrad, an kwashe su zuwa Saberiya tun a Disamban 1943, aka kuma zare 'ya'yansu daga fagen fama aka tura su aikin ƙarfi. Ko da wasu ɗaiɗaiku sun yi laifin da ake faɗa, wane laifi jariri da tsohuwa suka yi? Zhukov kansa an rage masa matsayi a 1946 aka tura shi Odessa. Ranar nasara ta 9 ga Mayu kuwa, daga 1948 an mai da ita ranar aiki kamar kowace, ba ta dawo ranar hutu ba sai a 1965, shekara goma sha biyu bayan mutuwar Stalin. Mutumin da bai taka birnin ba a tsawon kwana 200 da aka yi ana faɗa, wanda kuma bai so a riƙa tuna nasarar da ba shi kaɗai ke da ita ba, shi ake so a yau a lulluɓe nasarar da sunansa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Hujja mafi ƙarfi da ɗaya ɓangaren yake da ita ba ta shafi Stalin ba sam. Tsofaffin sojoji da iyalansu sukan ce su a Stalingrad suka yi faɗa, a Stalingrad 'yan'uwansu suka kwanta, kuma sunan ya daɗe da rabuwa da mutumin ya zama na wurin da jinin. Ina girmama wannan magana, kuma rabinta gaskiya ne. Amma ai ba wanda ya taɓa sunan yaƙin. Lambar girmamawar da aka ba mayaƙan tana nan da sunanta. Takobin da Sarki George na Shida na Ingila ya aika, wanda firaministan Birtaniya Churchill ya miƙa a taron Tehran a Nuwamban 1943, an rubuta a jikinsa cewa kyauta ce ga mutanen Stalingrad. A Faris akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai wannan suna, kuma dandalin da ke kusa da ita an gyara sunansa ya zama Dandalin Yaƙin Stalingrad, don kowa ya san abin da ake girmamawa. A kan tudun Mamayev akwai mutum-mutumin uwa mai ɗaga takobi da ya kai mita 85, wanda aka buɗe a 1967, da matakala 200 daidai da kwanakin faɗan, da kaburburan dubun-dubatar mayaƙa, cikinsu har da Chuikov da ya yi wasiyya a binne shi tare da sojojinsa, aka kuma cika masa a 1982. Duk abin da ke kan tudun an kammala ginin sa ne birnin yana amsa sunan Volgograd, kuma bai rage wa kowa daraja ba.

Sunan birni kuwa wani abu ne dabam. Shi ake rubutawa a takardar haihuwar jariri da fasfo da ambulan wasiƙa, shi yaro zai faɗa duk lokacin da aka tambaye shi garinsu. Wannan gari ya yi sama da shekara 300 ana kiransa Tsaritsyn. An sa masa sunan Stalin ne a 1925, shekara goma sha bakwai kafin yaƙin, don yi wa shugaban jam'iyya fadanci a kan rawar da ya taka a can lokacin yaƙin basasa, kuma an cire shi a 1961 a zamanin Nikita Khrushchev, wanda shi kansa ya yi aiki a fagen Stalingrad, bayan an fallasa kaɗan daga cikin ta'asar da aka yi. Cire sunan hukunci ne da ƙasar ta yanke a kan mutumin, saboda haka mayar da shi ba zai zama komai ba illa soke wannan hukunci, ko da masu yi sun rantse cewa ba nufinsu ke nan ba. Mutum-mutumin da aka kafa a 2023 ya riga ya nuna inda aka nufa, domin fuskar Stalin ce aka sassaƙa, ba ta Pavlov ko ta 'yan matan bindigogin kakkaɓo jirage ba. Kuma ana yin haka ne a ƙasar da kotu ta rufe ƙungiyar Memorial a ƙarshen 2021, ƙungiyar da ta shafe shekara talatin tana tattara sunayen waɗanda mulkinsa ya kashe.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. A jawabinsa na cika shekara 80 da nasarar, a ranar 2 ga Fabrairun 2023 a Volgograd, Putin ya haɗa tankokin Jamus da ake ba Yukren a yau da waɗanda suka zo Volga a 1942. Kowa na da ra'ayinsa a kan yaƙin Yukren, amma matattun Stalingrad ba na gwamnati ɗaya ba ne da za ta kira su shaida a rikicinta na yau. Yeremenko da ya jagoranci fagen haifaffen Yukren ne, kuma dubun-dubatar 'yan Yukren da Kazak da Uzbek da Tatar da 'yan Kokasus suna kwance a ƙasa ɗaya da Rashawa a wannan tudu. Jikokinsu suna ɓangarori dabam-dabam a yau, wasu ma suna harbin juna, kuma kowannensu yana da gado a wannan nasara.

Putin da kansa ya faɗa a 2014 cewa mazauna birnin ne ya kamata su yanke wannan hukunci ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Da cibiyar jin ra'ayin jama'a ta gwamnati ta tambaye su a farkon 2023, kusan kashi biyu cikin uku sun ce ba sa son a sauya. Waɗannan su ne mutanen da har gobe ake tono ƙasusuwan sojoji da bama-baman da ba su fashe ba a gonakinsu da wuraren gine-ginensu, kuma ba wanda zai koya musu darajar yaƙin. Ba a yi ƙuri'ar ba har yanzu, sai dai ana ta shigo da sunan ta ƙofar baya, yau allon bakin gari, gobe filin jirgi. Idan masu son sauyin sun yarda da hujjarsu, su kai ta gaban mutanen Volgograd a akwatin zaɓe, a kuma bar waɗanda aka kwashe kakanninsu a taragun dabbobi su yi magana a fili kafin ranar ƙuri'ar.